Ƙafafu a Bayan Rumbu

Tun ranar da labari ya iso ni cewa jikata ta samu ciki na fara tara itace. Ban jira an aiko mini ba. A unguwarmu nan Gwandu, duk yarinyar da ta yi haihuwar fari tun da na kawo ƙarfi, in ba ni na yi mata wankan jego ba, to ni na koya wa wadda ta yi mata. Na san itacen da ke riƙe wuta har ruwa ya tafasa sau biyu, na san wanda hayaƙi ne kawai. Duk ranar kasuwa sai na tsayar da masu jakuna da ke fitowa daga wajen Dalijan, in zaɓi kirya da marke, in sa a jibge mini a jikin katanga. Kafin cikin ya kai wata biyar, tarin ya wuce kaina. Wadda duk ta shigo gidan sai ta dube shi ta ce, “Inna, wannan ai na tagwaye ne.”

Uwar yarinyar ita ce ɗiyata ta fari. Ta aurar da 'yarta a Kalgo, wata biyar bayan biki ta rasu. In uwa ba ta raye, gidan kaka ake kai mai cikin fari goyon ciki, a can ta haihu, a can ta yi arba'in. Wannan ba abin shawara ba ne, kowa ya sani. Shi ya sa da matar ɗana, wadda na aika wurin yarinyar, ta dawo daga Kalgo tana ta kame-kame, na ce mata ta faɗi abin da aka ba ta ta faɗa, ta daina murza gefen mayafi.

Ta ce yarinyar ba za ta zo ba. Dangoma za ta tafi, wurin ƙanwar ubanta. Na ce saboda me. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Cewa ta yi wadda ba ta iya kallon uwarta tana da rai ba, ba ta zubar mata da hawaye ranar mutuwa ba, ba za ta wanke ta ba.”

Na ce, “To, na ji.” Na ci gaba da tsince wakena.

Uwata Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Masama aka auro ta. A hannunta na tashi, kuma a wurinsu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba a kiran sunansa. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Ba a zuba masa ido. Da na yaye ɗiyar nan, uwata ta zo ta goya ta ta tafi da ita, a can ta girma. Har ɗiyar ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini Inna ba, Adda take ce mini, kamar yadda ake kiran yayar mutum. In mun haɗu a hanya ta durƙusa, ni kuma in amsa ina kallon itace. In ta shigo ɗaki sai in tuna akwai aiki a tsakar gida. In ba ta da lafiya sai in dama kunu in ba wani ya kai, in ce kada a ce daga ina yake, alhali ta san ɗanɗanon hannuna. Ranar da aka kawo gawarta daga asibiti, mata suka cika gida suna kuka, ni na zauna a kan tabarma ina amsa gaisuwa da busasshiyar fuska. Haka na ga uwata ta yi ranar da yayana ya rasu. Kukan ɗan fari a ciki ake yin sa, kuma ba a ce ya fi sauƙi ba.

Ita jikar tawa a Kalgo ta tashi, ta yi boko har sama. Uwarta kuma ba ta riƙe wannan al'adar da ita ba: tana kiran sunanta, suna ci a kwano ɗaya, suna hira kamar ƙawaye. Ban ce ta yi laifi ba. Amma yarinyar da ta tashi haka, in ta ga uwa tana kau da kai daga ɗiyarta, abu ɗaya za ta gani. Da can ba ta lura ba, don ni da ita wasa ne tsakaninmu, ta ja ni in ja ta. Bidiyon bikinta ne ya nuna mata. An ce tun da uwarta ta rasu kullum sai ta kunna shi a wayarta, tana neman fuskar uwar, kuma duk inda ta same ta sai ta same ni a gefe na juya ƙeya.

Ban aika a ba ta haƙuri ba. Ban yi abin ba da haƙuri ba. Itacen kuma ban taɓa shi ba, ko da na girki ya ƙare.

Bayan mako biyu direban da ke zuwa Kalgo ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Ya ce Malama mai bidiyo tana gaishe ni, ta ce don Allah in daure in zo, akwai aikin da ba za ta iya yi ba sai na sa baki. Na san matar. Kirista ce, mutuniyar kudancin jihar nan, ta koyar da yara a firamare a Kalgo har ta yi ritaya, sannan ta buɗe shago kusa da tasha tana haɗa bidiyon biki da na suna. Uwar yarinyar ta taɓa zama maƙwabciyarta. Ita ta haɗa na bikin jikata. Na ce ni da bidiyo me ya haɗa mu. Direba ya ce shi dai saƙo aka ba shi.

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na hau mota, muka bi ta Birnin Kebbi na sauya wata. Rana ta ɗaga sosai kafin in isa.

Shagon ɗan ƙarami ne, fanka na juyawa a sama, ga tebur da kwamfuta mai faɗin gilashi kamar faranti babba. Jikata na zaune a kan benci, cikin ya fito, ta yi fari ta rame a wuya. Ta ɗan zamo ta gaishe ni, gaisuwar da ake yi wa baƙuwa a mota. Na amsa mata daidai da yadda ta bayar.

Malama ta ba ni kujerarta ta ɗauko ruwa. Hausarta ta fi ta wasu 'yan garin. Ta ce, “Mama, kin sha hanya. Ki yi haƙuri na taso ki. Bari in faɗa miki a gabanta, don ba na son magana biyu.”

Ta ce abin da take aiki da shi a cikin kwamfutar, manhaja suke ce masa, an sabunta shi kwanan nan. Da, in tana neman mutum ɗaya a cikin abin da kyamara ta ɗauka, sai ta zauna ta kalli komai daga farko har ƙarshe, biki na kwana uku, har idonta ya yi ja. Yanzu fuskar mutum kawai za ta nuna masa sau ɗaya, ya bi ya tsinto mata duk inda mutumin ya bayyana. Inda ya yi duhu yana haska shi. Inda hannun mai ɗauka ya yi rawa yana tsayar da shi. Kuma yana iya cire mutum daga cikin hoto ya cike gurbinsa, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba.

“Ita ta zo ta ce in haɗa mata na uwarta ita kaɗai, ta ajiye wa abin da za ta haifa. Wannan na yarda. Sai ta ce in cire ki daga ciki. Na'urar za ta iya, Mama. Ni ce ban iya goge tsohuwa ba da saninta ba.”

Na dubi jikata. Ita kuma ta dubi fanka.

Na ce, “Wannan ne kawai? Cire ni, Malama. Amma sai na gani da idona.”

Malama ta ja numfashi ta juya ga tebur. Ta ce katin da kyamara ta ɗauka a kai yana nan, ba ta taɓa share shi ba, kuma abin da ke cikinsa ya ninka wanda aka ba amarya sau da yawa. Ta tura ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tafinta, ta zana da'ira a kan wata fuska. Ba a daɗe ba gilashin ya cika da ƙananan tagogi, layi bisa layi, kuma a kowace taga ɗiyata ce.

Shekara arba'in da shida ta yi a duniya, ban taɓa kallon fuskarta tsawon lokacin da na kalle ta a wannan shagon ba. Babu wanda zan ji kunya, tunda hoto ne, kuma mai hoton ta tafi. A nan na ga ashe furfura ta fara fito mata a gefen kunne. A nan na ga in za ta yi dariya sai ta fara runtse ido ɗaya, kamar uwata sak. Na ga kuma yadda ciwon ya cinye ta a wannan bikin, tana ta kai da kawo da fara'a, tana dafa bango in ta ɗauka ba a kallonta. Na riƙe kofin ruwan da hannu biyu, ban sha ba.

Jikata ta taso ta tsaya a bayan Malama. Ta ce, “Buɗe wancan.” Aka buɗe. Ga ni zaune cikin mata a rumfa, ɗiyata ta zo ta durƙusa, ni kuma na juya ina magana da ta kusa da ni.

“Buɗe na ƙasansa.” Ana ɗaukar hoton dangi, an tsayar da ita kusa da ni, na ja baya na shige bayan wata.

“Ga wani nan, Kaka. Duba da kyau. Ruwa ta kawo miki. Da ƙyar take tafiya ranar nan, amma ta ratso rana ta kawo miki ruwa. Kin karɓa kina kallon katanga.”

Na ce, “Na gani. Ai ina wurin.”

“Shi ke nan abin da za ki ce?”

“Me kike so in ce? Ƙarya na'urar ta yi?”

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna da mutanen uwata ba. Ita ma na'urar fuska take tambaya, kuma abin da fuskata ta faɗa mata shi ta kawo, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Malama ta ce, “In fara da na ruwan?” Na ce bismilla. Ta zagaye ni da ɗan abin nan, jikina duk ya koma ja kamar an watsa mini jan garura. Ta danna. Na ga kaina na dushe, katangar da ke bayana ta taho ta rufe inda nake, har da tsagar da ke jikinta, har da inuwar rumfa. Tabarmar da na zauna a kai ta miƙe sarai babu ko lotsawa. Sai ga ɗiyata a durƙushe, ta miƙa kofi da hannu biyu, babu kowa a gabanta.

Malama ta ce a hankali, “Kofin zai buƙaci gyara, don yana barin hannunta ya tsaya a iska.”

Jikata ta koma benci ta zauna tana kallon uwarta tana ba bango ruwa. Ni kuwa na ga yadda wurin zai kasance bayan an kai ni, na ga kuma bai yi muni ba, katanga dai katanga ce. Abin da ya dame ni ɗiyata ce, da aka bar ta durƙushe ita kaɗai.

Na ce, “Ci gaba, Malama, rana na yi. Ina da mota a gaba.”

Malama ba ta ci gaba ba. Ta ce akwai wani tari da manhajar ta ware gefe guda da kanta, ta yi masa alamar ba shi da amfani: inda babu fuskar kowa, inda kyamara ta kalli ƙasa ko sama. Katin take so ta sake aiki da shi, za ta share su. Amma ta ce shekarun da ta yi a aji sun koya mata kada ta jefar da takarda sai ta juya bayanta. Ina jin dai so take ta ba mu lokaci mu huce. Ta fara buɗe su tana wucewa da sauri. Sararin sama. Gefen rigar wani. Ƙasa, ƙasa, takalman maza a bakin zaure.

Sai ta zo kan wani mai tsawo. Ta yi ɗan tsaki ta ce, “Wannan mai ɗaukar nawa. Ya tafi sallar la'asar ya ajiye kyamara a ƙasa a inuwar rumbu, ya manta bai kashe ba. Batir ya ƙone a banza.”

Hoton duhu ne, a karkace. Ana ganin duwatsun gindin rumbu da ƙasa, kaza ta wuce ta dawo. Malama ta ja shi gaba da sauri. Wani abu ya shigo daga gefe ya tsaya.

Jikata ta ce, “Tsaya. Koma baya.”

Ni tun da na ji an ce rumbu da la'asar jikina ya ba ni.

Malama ta mayar, ta ƙara haske. Duhun ya yaye a hankali kamar gari na wayewa. Ƙafafu ne guda biyu, kumburarru, sun yi sumul har idon sawu ya ɓace, cikin silifas shuɗi da aka yanke wa maɗauri aka ƙulle da zare.

Jikata ta ce, “Ni na yanka su. Da safen nan na yanka mata da reza, don ba sa shiga.”

Mai ƙafafun ta zauna a kan dutse, ana ganin gefen zanen anko. Sai wasu gwiwoyi suka sauko ƙasa a gabanta. Hannu ya zare silifas ɗin ɗaya ya ajiye, ya ɗora ƙafar a kan cinya. Ɗayan hannun ya kwance haɓar zane ya fito da 'yar kwalba ta man shanu. Aka lakato, aka fara murzawa daga yatsu zuwa sama, a hankali, ana bi ana dawowa. Babu fuska ko ɗaya. Amma ƙaramin yatsan hannun dama a lanƙwashe yake, tun ranar da taɓarya ta faɗa masa ina budurwa, bai sake miƙewa ba.

Jikata ta juyo ta kalli hannuna. Na tura shi cikin mayafi, amma na makara.

Abin da ya faru ranar nan shi ne, na ga lokacin da ta zame daga cikin mata ta nufi bayan gida tana dafa katanga. Na ƙirga mutane, na ga hankalin kowa na wurin masu kiɗa. Man shanun kuwa tun daga Gwandu na ƙullo shi, don an faɗa mini halin da ƙafafunta ke ciki, kwana uku ina yawo da shi ban samu wuri ba. Na bi ta. Na duba gabas na duba yamma ban ga kowa ba. Wa zai duba ƙasa ya nemi ido a gindin rumbu?

Da an yaye mini zane a tsakiyar kasuwar Kalgo da bai kai wannan ba. Na miƙe tsaye na ce, “Malama, ga abin gogewa nan. Wannan za ki goge, yanzu, ina kallo.”

Jikata ta ce, “Ba naki ba ne. Bikina ne.”

“Hannuna ne.”

“Ƙafar uwata ce.”

Malama ta ɗaga hannunta daga tebur ta ɗora a cinya, ta ce ita ba za ta danna komai ba sai mun zama baki ɗaya. Hoton kuwa bai tsaya ba. An gama da ƙafa ɗaya an ɗauko ɗayar. Kaza ta sake wucewa. Sautin da ke fita kalangu ne da lasifika da hayaniyar mata, duk a cakuɗe.

Jikata ta matsa kusa, ta kara kunne. Ta ce, “Kamar magana ake a ƙarƙashi.”

Malama ta ce akwai. Ta ce cikin sababbin abubuwan har da wanda ke raba muryar mutum da hayaniya, ya danne kiɗa ya ɗago magana. Jikata ta ce ta gwada. Kafin in buɗe baki ta ja wani ɗan layi, sai kalangun ya ja baya, ya ja baya, kamar ruwan fadama in rani ya shigo. Sai murya ta fito fili, kusa, kamar tana zaune a kan bencin nan.

“Adda, a hankali. Nan ne ke zafi.”

Sai 'yar dariyar nan tata.

Na ɗora hannuna a kan na Malama. Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na ce, “Ya isa.” Ta tsayar. Na san abin da ke biye, don ni na faɗe shi.

Jikata hawaye na zuba har kan cikinta, ba ta share ba. Ta ce, “Me ke gaba, Kaka?”

Na ce, “Abin da aka faɗa a bayan rumbu na bayan rumbu ne. Kin fi ni iko da katin nan, in kin ce a kunna za a kunna. Ni dai zan fita waje.”

Ta daɗe tana kallona, ni ma ina kallonta, don ita jika ce, babu abin da ya hana ni. Sannan ta ce, “Malama, mayar da kiɗan yadda yake. A bar maganar a ƙasa.” Kalangu ya dawo ya rufe mu, ni da ɗiyata. Ta ƙara da cewa, “Wancan na ruwan kuma, mayar da ita inda kika cire ta.”

Malama ta ce ai na ainihin ba a taɓa shi, yana nan yadda kyamara ta ɗauka, abin da ake yi a sama ne kawai. Ta danna sau ɗaya, katanga ta buɗe, ga ni na dawo zaune ina kallon gefe, kofi ya samu hannun da zai karɓe shi.

Na ce, “Da ma haka mutuwa take.” Malama ta ce, “Da mun huta, Mama.”

Ƙafafun ba a goge su ba. Jikata ta ce a sa su a ƙarshen na uwarta, da tsawonsu, ba a yanke ko kazar ba. Ban yarda ba, ban kuma sake hanawa ba. Na gyara mayafina na yi wa Malama godiya na fita tasha. Yarinyar ba ta raka ni ba, ni kuma ban ce mata ta zo Gwandu ba. Na riga na tara itace, wannan shi ne nawa kiran, ba zan ƙara da baki ba.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Hadari ya fara haɗuwa da wuri, na sa aka rufe tarin da tsohon kwano aka danne da duwatsu. Matan da ke tsokanata da tagwaye suka daina, in sun shigo sai su kau da ido daga katangar, abin da ya fi tsokanar ciwo. Matar ɗana ta ce ko a fara ɗiba ana girki kafin gara ta shiga. Na ce gara ta san gidan da take shiga.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tankaɗe na ji mota ta tsaya a ƙofa. Dangin mijinta mata biyu suka shigo da jaka da buhun gero, ita tana bayansu tana tafiya kamar agwagwa. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai ta kalli tarin daga ƙasa har sama.

Ta ce, “Tsohuwa, wannan itacen duk ni za ki dafa da shi?”

Na ce, “In kin yi gardama har da ƙari.”

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, baƙi suka ci suka koma. Da gida ya rage mu biyu, ta zare takalmanta, ta miƙo ƙafafunta ta ɗora a kan cinyata. Sun ɗan tasa, irin na masu ciki. Na aika aka karɓo mini man shanu.

Mace ta haifa, lafiya lau, a asibitin garin nan, aka dawo da ita gida. Ranar suna uban ya sa mata sunan marigayiya. To ga mu nan mu biyu a gida ɗaya da jaririya, babu mai iya kiran sunanta: ita ba za ta kira sunan uwarta gatsau ba, ni kuma kun san nawa. Kowa da abin da yake ce mata. Ni 'yar rumbu nake ce mata, mutane na tambaya ina ce musu don ta cika ci ne.

Yau kwana ashirin da uku da haihuwa. Safe da yamma nake hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, in jefa ganyen dogonyaro, in yi mata wanka tana zagina ina zaginta, in ɗura mata kunun kanwa. Tarin ya sauko har ƙirjina, zai kai mu arba'in ya yi saura.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ita ce ke riƙe da biro tana rubuta wannan, ni ina faɗa, don ta ce bidiyon ƙafafu kawai ya nuna, yarinyar za ta girma ta tambayi hannun wace ce. Har yau ba ta sake tambayata abin da ke ƙarƙashin kiɗan nan ba, kuma ta san hanyar shagon Malama. Saboda wannan kawaicin nata bari in rage mata kaɗan. Sunan uwarta na kira. Sau ɗaya, a bayan rumbun nan, ta kuma amsa. Sauran namu ne ni da ita.

Ga shi ta tsaya tana kallona. Rubuta ki rufe littafin, 'yar nan, ruwa ya tafasa.